Ƙwallon Ditiro ta Huɗu

Ranar da Nametso ta fita takaba, dangin mijinta suka taru a gidansu da ke garin Phikwe don a raba kayan mamaci. An riga an wanke tufafin Ditiro, an yayyafa musu ruwan magani, aka shimfiɗa babban bargo a tsakar gida aka jibge komai a kai: kwat ɗinsa na zuwa coci, takalman aiki masu ƙarfe a baki, rediyo, da sandar da ya soma dogarawa a shekararsa ta ƙarshe. Rabo aikin kawun mamaci ne. Shi zai ɗaga abu, ya dubi jama'a, ya kira sunan wanda ya ga ya dace. Matar mamaci kuwa zama take a ƙasa, ƙafafu a miƙe, kai a sunkuye, ba ta cewa uffan ko da gidan za a bayar.

Kawu Letsholo tsoho ne mai gaskiya, duk rayuwarsa a wajen shanu ya yi ta, bai taɓa taka ciyawar kulob ɗin masu wasan gara ƙwallo ba. Da aka jawo wata jakar fata daga ƙarƙashin gado ya zuge ta, sai ya ga abubuwa huɗu baƙaƙe suna sheƙi, girmansu ɗaya kamar ƙananan kankana. Ya ɗaga ɗaya ya auna nauyinta a tafinsa, ya ce lalle wannan abu ne mai daraja, bai kamata mutum ɗaya ya kwashe ba. Ya miƙa wa Kago ɗan mamaci ɗaya. Ya ba ƙanen mamaci ɗaya. Ya sa ɗaya a cinyar mahaifiyar mamaci, sannan ya turo ta ƙarshen gaban Nametso. Jama'a suka gyaɗa kai, suka yaba adalcinsa.

Nametso ta ji kamar an raba ƙafafun akuya gida huɗu, sannan aka ce akuyar ta tashi ta tafi kiwo. Ta saci kallon Kago. Ya san abin da aka yi sarai, amma jika ba ya gyara wa kakansa rabo a gaban mutane, sai ya tsura wa takalmansa ido. Ita ma ta mayar da kanta ƙasa.

Ƙwallayen da ake garawa a kan ciyawa huɗu-huɗu ake ƙera su, nauyi ɗaya, tambari ɗaya a gefe, kuma tare suke tsufa. Ba a mulmule suke sarai ba, ɓari ɗaya ya ɗan fi tudu, shi ya sa in an gara ƙwallo ba ta miƙewa. Sai ta yi waje, ta lanƙwaso, ta zo ta kwanta kusa da 'yar farar ƙwallon da kowa ke nema. Kowane kamfani da irin tasa lanƙwasar. A gasar mutum bibbiyu, kowa da ƙwallo huɗu yake shiga, kuma doka ce huɗun su kasance 'yan ɗaki ɗaya.

Na Ditiro tambarin zabuwa gare su. A hannun wani Bature ɗan Sikotland ya same su, lokacin da mutumin zai bar aikin ma'adinai ya koma ƙasarsu, kuma tun daga ranar babu Juma'ar da bai zauna a dokin ƙofa ya goge su da tsumma ba. Ɗan ƙaramin mutum ne Ditiro, hannun Nametso ya fi nasa girma, don haka ta san za su zauna mata daidai. Shekara da shekaru suna shiga gasar mace da namiji tare a lokacin sanyi, ita da nata koraye, shi da zabinsa, ba su taɓa cin kofin ba, kuma bai taɓa barin ta gara ko ɗaya daga cikinsu ba. In ta miƙa hannu sai ya rungume jakar ya ce hannun tuƙa tuwo zai ɓata musu tarbiyya.

"In na mutu ki ɗauka, uwar Kago," haka yake cewa.

Ita kuma takan ce, "To ka yi sauri mana, gasa ta kusa."

Su yi dariya. Wata safiya yana ba alayyahonsa ruwa a bayan ɗaki ya faɗi, kafin a kawo mota ya cika. Duk tsawon takabar nan, tana zaune cikin baƙaƙen kaya, ba ta da wani abin da take jira sai ranar da za ta ɗauki jakar ta shiga gasar da su, kamar yadda ya ce. Yanzu ga jaka, ga zabuwa ɗaya tal tana yawo a cikinta.

Ta biyu ba ta ba da wahala ba. Kafin Kago ya kama hanyar Gaborone, babban birni, ya shigo kicin, ya zaro tasa daga cikin rigar sanyi ya ajiye kan tebur, ya dafa kafaɗar uwarsa ya fita. Ta ukun sai da Nametso ta bi ƙanen mijinta har wajen shanunsa. Ta tarar an tokare ƙofar ɗakin 'yan awaki da ita. Da ta yi masa bayani ya yi dariya har da hawaye, ya ce shi dama yana mamakin dutsen da ba ya zama wuri ɗaya, kullum sai ya gangara gefe. Ya goge ta da hularsa ya ba ta, ya ce a madadinta ta aiko masa da fanke.

Saura ta huɗu, wadda ke Bobonong wajen tsohuwa. Nan Nametso ta tsaya. Abin da kawu ya ɗora a cinyar uwa da hannunsa, da wane baki suruka za ta je ta ce a ba ta?

Rra Mwale, wato Malam Mwale a yarensu, shi ne ya ce ta bar tsohuwa ta huta, shi zai samo mata ta huɗu. Aminin Ditiro ne, daga Malawi ya zo yana saurayi ya kama aikin gyaran injuna, bai koma ba. Dogo ne, gwiwarsa ɗaya ta lalace, bakinsa kuwa lafiya lau. Shi ya yarda zai tsaya a gurbin abokinsa a gasar, kuma makullin ɗakin ajiyar kulob a wajensa yake. Tun da aka rufe ma'adinai mutane suka watse, ɗakin ya cika da ƙwallayen waɗanda suka tafi ba su waiwayo ba.

Da safe, raɓa ba ta gama bushewa ba, ya turo su a baro kamar mai tallar kabewa. Ya jefa 'yar fara can ƙarshen fili, ya ce ta fara gara na abokinsa tukuna, su ga hanyar da za a nema.

Nametso ta tsaya kan 'yar tabarmar roba ta ɗauki zabuwa ɗaya. Ta zauna mata a hannu kamar don ita aka yi. A gefe ta ji wurin da babban yatsansa ya cinye har ya yi santsi, yatsanta ya faɗa ciki. Ta durƙusa ta sake ta. Ƙwallon ta yi dama, ta yi ta yin dama har Nametso ta ɗauka ta ɓata, za ta shiga layin maƙwabta. Sai da ƙarfinta ya kusa ƙarewa sannan ta juyo, a hankali, kamar mai tuna ya bar wani abu a gida, ta taho ta taho, ta kwanta da gefenta dab da 'yar fara. Rra Mwale ya cire hula ya shiga sosa kai, ya daɗe yana sosawa, fuskarsa na kallon bishiyoyi.

Daga nan aka shiga gwaji. Ya ba ta wata shuɗiya mai ɗigo-ɗigo, ƙirar wani kamfani na Ostareliya. Ta gara ta kan layi ɗaya da na Ditiro, ƙwallon ta miƙe abinta ta tsaya can waje, ko rabin lanƙwasar ba ta yi ba.

"Wannan 'yar zamani ce," in ji shi. "Ba ta gaida kowa a hanya."

Ya ce don filaye masu gudu aka yi ta, inda ciyawa take kamar tebur, matasa na sonta domin ba sai ka yi tunani ba. Ya jawo wata ja, ta wani kamfanin Ingila. Ita ta lanƙwasa, amma tun daga tsakiyar fili ta fara, kaɗan-kaɗan, ba ta jira ƙarshe ba. Rra Mwale ya ce wannan akawu ce, komai nata da tsari, ba za ta ba ka kunya ba, ba kuma za ta ba ka mamaki ba. Nametso ta ce Ditiro bai taɓa yin abu da tsari ba tun ranar da ya zo neman aurenta da takalmi wari-wari.

Suka koma kan na kamfanin da ya yi na Ditiro, domin akwai su da dama a baron. Nan ma ba a dace ba. Sababbin ƙirar kamfanin duk an matse musu hanya, sun bi yayi. Wata ta fi nauyi, wata ta fi hannunta girma, wata kuwa girman ya yi amma tana juyowa da wuri kamar an kira ta. Rra Mwale yana ɗingishi yana kwaso su yana yi musu tsiya ɗaya bayan ɗaya, wai waɗannan jikoki ne, sunan gidan kawai suka gada. Rana ta ɗaga, bayan Nametso ya soma ciwo, baro ya kusa zama fanko.

A can ƙasan baron aka sami wata baƙa, tsohuwa, ita kaɗai, ba wanda ya san inda 'yan uwanta suka shiga. Kamfani ɗaya, girma ɗaya, zamani ɗaya. Tambarinta jirgin ruwa ne. Nametso ta gara ta. Ta yi dama, ta yi nisa, ta jira, sannan ta juyo. Ta tsaya ba ta kai inda zabuwa ta kwanta ba da kamar tafin hannu.

Rra Mwale ya waiga hagu da dama, ya rage murya. Ya ce ai a ranar gasa kowa na manna sitikar kulob a gefen ƙwallonsa, kuma sitika daidai kan tambari take zama. In an manna wa huɗun, wa zai san jirgi daga zabuwa? Kafin ta amsa har ya zaro sitika daga aljihu ya liƙa.

Nametso ta juya ƙwallon a hannunta. Babu wurin yatsa. Tana nan tana laluben inda ya kamata ramin ya kasance sai ta ji murya a bayansu.

"Rra Mwale, tsufa ne ya koya maka satar hanya, ko dama can da ita ka zo daga ƙasarku?"

Chedza ce, sakatariyar kulob, tsohuwar nas. Ita ke duba ƙwallayen kowa kafin gasa, ita ce kuma ta fi kowa cin kofin. Ta binne miji, ta binne ɗa, ba wanda ya taɓa ganin ta makara zuwa fili. Rra Mwale ya ce gwaji kawai suke, sista, ko an hana tsoho wasa da sitika ne? Ba ta kula shi ba. Ta karɓi ƙwallon, ta sa farce ta ɓare takardar.

"Zabi uku da jirgin ruwa ɗaya," ta ce. "Ba za su shiga ba, uwar Kago."

"Kin san inda ta huɗun take."

"Na sani. Ina zaune a wajen aka yi rabon."

Ta ce Nametso ta shiga da korayenta, ba abin da ya same su. Nametso ta ce ba kofi take nema ba, kuma in ba da na Ditiro ba, ba za ta taka filin ba. Sai Rra Mwale ya sa baki, ya ce ai a Gaborone yanzu da uku-uku suke yin gasar bibbiyu, doka ta yarda, me zai hana a nan? Chedza ta juyo ta dube shi sama da ƙasa. Wannan magana ba yau aka fara kawo ta ba, sau da yawa matasan kulob sun tayar da ita a taro, ita ce ke kashe ta. Ta ce wasan ragwaye ne, na masu sauri su gama su je su zauna gaban kwalba, kuma muddin tana numfashi da huɗu za a yi kofin nan kamar yadda aka gada. Ta miƙa wa Nametso jirgin ruwa, ta ce Allah ya ba da haƙuri, ta wuce ofis.

Ba sauran dabara. Nametso ta soya fanke cike da bokiti, ta sayi sukari da ganyen shayi, ta hau motar Bobonong. Duk hanya tana shirya maganar a ranta. Za ta ce aro ne, na yini biyu kacal. Za ta ce shi ya yi wasiyya. Za ta ce kawu bai sani ba ne. Kowace ta gwada sai ta ji ta yi mata nauyi a baki.

Ta sami tsohuwa a tsakar gida, a jikin katangar laka inda rana ke bugawa, bargo a kan ƙafafunta. Idanunta sun yi fari, sai dai ta gane mutum da murya. Suka gaisa, aka tambayi Kago, aka tambayi ruwan sama da bai zo ba, da akuyar da kura ta ɗauke. Nametso ta haɗa shayi ta kawo. Da tsohuwa ta ɗaga bargo za ta karɓi kofi, sai ga zabuwa a cinyarta, tana ƙyalli fiye da yadda Ditiro ya taɓa sa ta ƙyalli.

Tsohuwa ta ce da man shafawarta take goge ta. Ta ce da safe takan sa a ajiye mata ita a rana, in ta ɗumama sai ta ɗora a gwiwa, ciwon yakan lafa. Kayan da aka ba ta na sauran 'ya'yanta da suka rigaye ta gidan gaskiya duk tufafi ne, sun tsufa sun yage, amma wannan ba ya yagewa. Ta kamo hannun Nametso ta ɗora kan ƙwallon, ta lalubo mata wani wuri.

"Ji nan, 'yata. Yatsansa ne, ko ba shi ba?"

"Shi ne, Inna."

"Na faɗa musu, suka ce ruɗewar tsufa ce."

Sai ta tambaya wai shin me ake yi da abin nan ne takamaimai? Shekaru tana jin ɗanta na cewa zai je wasa, ta ɗauka irin na yara ne da ake bugawa da ƙafa, har tana jin kunyar faɗa wa mutane. Nametso ta ce bari ta nuna mata. Ta ɗauki ƙoƙon shan ruwa ta ajiye kusa da ƙafar tsohuwa, ta karɓi ƙwallon, ta tafi can bakin ƙofar gida. Daɓen tsakar gidan sumul yake, an shafe shi da kashin shanu ya bushe. Ta durƙusa ta sake ta a hankali.

Tsohuwa ta karkata kai tana bin ƙarar. Ƙwallon ta yi wajen rumbu, nesa da ita, har ta ɗaga hannu ta ce ai ta tafi. Sannan ƙarar ta juyo, ta matso, ta matso, ƙwallon ta zo ta jingina da idon sawunta ta kwanta.

Tsohuwa ta taɓa ƙwallon da ƙafarta. Can ta yi wata 'yar dariya, ta ce haka Ditiro yake tun yana yaro, in ta aike shi rijiya sai ya zaga ta gidan kowa a ƙauyen, har ta fid da rai, sannan ta ji shi a bayanta yana neman abinci. Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki ƙwallon ta mayar cinyarta.

Suka ci fanke. Inuwa ta fara cin tsakar gida. Da Nametso ta tashi ɗaura ɗankwali, tsohuwa ta ce ta san ba fanke kaɗai ya kawo ta ba, mutum ba ya hawa motar Bobonong da sanyin nan don gaisuwa. Ta ce an gaya mata abin huɗu ne, kuma wai ba a raba su. Ta ɗago ƙwallon da hannu biyu ta miƙo.

"In taki ce ki ɗauka."

Nametso ta dubi hannayen. Sun miƙo, amma yatsun ba su buɗe ba. Sun kama ƙwallon har jijiyoyi sun fito. Ta san in ta ce aro, tsohuwa za ta ba ta, sannan ta kwana biyu tana laluben cinyarta. Ta sa nata hannun a kan na tsohuwa, ta mayar da su ƙasa, ta ja bargo ta rufe.

"Taki ce, Inna. Kawu ya raba daidai. Ina da uku a gida, sun ishe ni."

A mota ta yi kukan da ba ta yi ba ranar rabo. Matar da ke kusa da ita ta ɗauke mata bokitin ta riƙe a cinyarta har Phikwe.

Ta gaya wa Rra Mwale yadda aka yi, ta ce ya nemi wata abokiyar wasa. Ya ce shi da gurguwar gwiwarsa wa zai ɗauke shi, sai dai su zauna tare su yi gulmar masu wasa. Ranar gasa ta sa fararen kayanta duk da haka, domin ba a shiga kulob ranar kofi da wasu kaya. Ta ɗauki jakar Ditiro, ba don komai ba sai don ta kasa barin ta a gida. Niyyarta ta je ta ce a cire sunanta, ta taya matan kulob daka nama a kicin.

An taru a bakin fili, an yi shiru na ɗan lokaci don waɗanda suka rasu a shekarar, aka ambaci sunan Ditiro. Sannan kowa ya jera ƙwallayensa a kan ciyawa don a duba. Chedza ta bi layi tana juya su ɗaya-ɗaya. Da ta iso gaban Nametso, kafin Nametso ta buɗe baki, ta ce ta zazzage jakar. Zabi uku suka gangaro.

"Kin je Bobonong," in ji Chedza.

"Na je."

"Ta hana ki?"

"Ta ba ni. Ni na bar mata."

Chedza ta daɗe tana kallon ƙwallayen nan uku. Ta sunkuya ta juya ɗaya, ta ga ramin yatsan, ta mayar. Daga nan ta koma inda nata suke, ta ɗauki ɗaya daga cikin huɗun, ta hau kan gaɓar fili ta ajiye ta a gindin benci. Ta juyo ta fuskanci jama'a, ta ce doka ta ce ƙwallayen mutum su zama 'yan ɗaki ɗaya, kuma waɗannan ukun 'yan ɗaki ɗaya ne. Ta ce bana da uku-uku za a yi kofin, in akwai mai ja ya faɗa yanzu.

Wani saurayi daga baya ya ce ashe wasan ragwaye ya zo gari. Chedza ta ce bana kaɗai, kuma in ya sake magana shi zai wanke tukwane. Aka yi dariya. Wani dattijo ya yi gunaguni, wai shi sai a ta huɗu hannunsa ke zama, matarsa ta ce shekara nawa yana da huɗun bai ci komai ba, ta ɗauke masa ɗaya da kanta. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka hau gaɓa suka ajiye, shuɗi da ja da baƙi da masu ɗigo-ɗigo, na Ostareliya kusa da na Ingila kusa da na Sikotland, suka yi dogon layi a gindin benci.

Nametso ta nemi bakin godiya, Chedza ta tare ta.

"Kada ki ɗauka tausayi ne, uwar Kago. Yadda nake cinye ki da huɗu haka zan cinye ki da uku."

Ta kuwa cika alkawari. Nametso da Rra Mwale suka ci wasansu na farko da ƙyar, a na biyu ƙuri'a ta haɗa su da Chedza da abokin wasanta, ba ta raga musu ko kaɗan ba. Nametso ba ta saba da faɗin hanyar zabin ba tukuna. Wasu ta matse su suka tsallake gaban 'yar fara suka yi hagu, wata ta ba ta ƙarfi ta faɗa lambatu. Rra Mwale yana can ƙarshen fili yana ɗaga hula yana nuna mata inda za ta nufa, yana cewa ta ƙara waje, matar abokina, ƙara waje, ai kin san mai su ba ya bin hanyar mutane.

A zagayen ƙarshe an riga an san wanda ya ci. Saura ƙwallo ɗaya a hannunta. Ta sa yatsanta a ramin, ta nufi can wajen hular Rra Mwale, inda hankali ba zai ce a nufa ba, ta sake ta. Ba ta miƙe daga durƙuson ba. Ta bi ta da ido tana yin nisa, tana wuce ƙwallayen Chedza ta waje, tana rage gudu a bakin layi. Masu kallo a benci suka miƙo wuya. Sannan zabuwa ta juyo.